Aikin sa-kai a ƙasar waje: ka biya ka je na sati biyu, ka nemi na dogon zango, ko ka raba tafiyar da taimakon?

Jama'a wannan rubutun na wanda ya tara 'yan kuɗinsa ne, ko iyaye suka ce za su biya masa, yana so ya fita waje ya ga duniya kuma yana so tafiyar ta zama da lada a ciki, ya je ya taimaki wani. Tallan ya cika Instagram da TikTok, sati biyu a Nepal kana koyar da marayu, kwana goma a wani asibitin Tanzaniya daga nan a kwashe ku zuwa kallon namun daji, wata guda a Ghana kuna gina aji. Yaranmu da suka tashi a Ingila da Amurka su suka fi shiga, sai ɗaliban likitanci masu neman abin da za su cika takardar neman aiki da shi, sai kuma masu ganin wai wata ƙofa ce ta samun biza.

Hanyoyi uku ne a gabanka. Ta farko ka biya kamfani ya haɗa maka yawon buɗe ido da aikin sa-kai a dunƙule. Ta biyu ka nemi shiga tsarin da ke ɗaukar ƙwararru na shekara ɗaya ko biyu, su za su ɗauki nauyinka. Ta uku ka yi tafiyarka ta shaƙatawa zalla, taimakon kuma ka yi shi daban. Tun yanzu in faɗa maka inda na karkata don kar ka ce na yi maka kwana-kwana, ni ta farkon ce ban yarda da ita ba, taura biyu ba sa taunuwa lokaci guda.

Abin da za mu auna da shi

Kuɗi: nawa za ka kashe, kuma aljihun wa za su shiga. Ɗorewa: in ka hau jirgi ka dawo, me ya rage a can bayan wata shida. Sauƙi: biza, takardu, jiran amsa. Sai haɗari, shi kuma kashi biyu ne, wanda zai iya samunka da wanda kai za ka iya jawo wa mutanen da ka je taimako, kuma wannan na biyun shi ne masu talla ba sa taɓa ambata.

Hanya ta farko: ka biya a haɗa maka

Farashin ya danganta da kamfani, akwai masu karɓar 'yan ɗaruruwan daloli a sati akwai waɗanda sati biyu kawai sai sun caje ka sama da dala 2,000, kuma kusan dukkansu ba tikitin jirgi a ciki, ba biza, ba inshora, ba allurar rigakafi. Mu ɗauka ka kashe dala 3,000 gaba ɗaya. In ka lissafa dala a kan naira 1,500 ka ga naira miliyan 4 da rabi kenan, alhali mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne, wato albashin ƙaramin ma'aikaci na sama da shekara biyar ka ƙone a sati biyu. To ina kuɗin suka tafi? Kamfanin jirgi ya ci nasa, ofishin kamfanin da ke Turai ko Amurka ya cire na albashi da talla, an biya masaukinka da abincinka da motar da ta ɗauko ka daga filin jirgi, abin da ya rage shi ke isa ga aikin. Ka tambaye su a rubuce kashi nawa ne ke zuwa wurin mutanen, yanayin amsar kaɗai ya ishe ka gane inda aka dosa.

Matsalar tana nan ne, a wannan tsarin kai ne kwastoma. Kai ka biya, kai ake so ka ji daɗi ka ba su taurari biyar ka turo abokanka. Yaron da ke aji ko mara lafiyar da ke kan gado bai biya ko sisi ba, don haka ba don shi aka tsara jadawalin ba. Shi ya sa ake sama maka aikin da za ka iya yi ba tare da horo ba, wanda zai yi kyau a hoto, ko ana buƙatarsa ko ba a buƙata.

Ka duba ajin da ake turo wa sabon malami duk sati biyu. Baƙo ya iso ranar Litinin da gajiyar jirgi, ba ya jin yaren yaran, bai san manhajar ƙasar ba, bai san inda na gabansa ya tsaya ba, to me zai yi? Sai ya ɗauki alli ya fara daga baƙaƙe da ƙirge da sunayen launuka. Yaran sun haddace su tun bara, suna amsawa da ƙarfi, shi kuma yana murna wai sun kama da wuri. Ranar Alhamis a tafi kallon tsauni, sati na biyu a yi bikin bankwana a ɗau hotuna, Litinin wani ya zo ya sake ɗaukar alli ya koma kan baƙaƙe. Malamin garin na gaskiya yana gefe yana fassara. Haka na gini, mutumin da bai taɓa riƙe cebur ba an ba shi jera bulo, magini da leburan garin da suka iya aikin kuma suke neman na cefane suna tsaye suna kallo, wani lokacin ma su za a kira daga baya su gyara.

Amma duk wannan wasa ne a kan maganar gidan marayu. A Kambodiya binciken da gwamnati ta yi da tallafin UNICEF ya nuna daga 2005 zuwa 2010 yawan irin waɗannan gidaje ya ƙaru da kashi 75 cikin 100, daidai lokacin da 'yan yawon buɗe ido ke ta kwarara, kuma kusan uku cikin huɗu na yaran da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. A Nepal abin ya samo tushe ne tun yaƙin basasar 1996 zuwa 2006, dillalai su shiga ƙauyukan kan duwatsu su ce wa iyaye za su kai yaro makarantar kwana a Katmandu, har iyayen su biya, sai a je a yi wa yaron takardun ƙarya a ce maraya ne, kuma mafi yawan gidajen sai ka same su a wuraren da baƙi suka fi zuwa irin su Katmandu da Pokhara da Chitwan. Bayan girgizar ƙasar 2015 sai da hukumomi suka yi ta gargaɗi a kan masu kwasar yara. Ghana ma da ke kusa da mu ta sha fama, gidajen marayu suka yi ta tsirowa ba lasisi har hukumar jin daɗin jama'a ta koma rufe wasu tana mayar da yara wurin danginsu. Abin ya kai a 2018 Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin nau'in bautar zamani.

Ka ga lissafin mai gidan ai a fili yake. In baƙi suna biya don su ga marayu, to dole a samo marayu, kuma in gidan ya yi kyau yaran suka yi ƙiba tausayi zai ragu, gudummawa ta ragu. Ko a gidan da ba a cuta akwai wata illar. Kana shiga ƙofa yaro ɗan shekara huɗu da bai taɓa ganinka ba zai rugo ya rungume ƙafarka ya ƙi saki, kai kana jin wai ƙauna ce har da ƙwalla, alhali masana tarbiyyar yara suna kallon wannan a matsayin alamar rauni, don yaron da ya tashi a hannun uwa ɗaya in ya ga baƙo ɓuya yake a bayan zaninta. Wannan ya saba duk sati biyu wani ya ɗauke shi ya yi masa alkawari ya tafi. Mu da muka tashi muka ga maraya a ɗakin kakarsa ko gidan baffansa, ya kamata mu fi kowa gane cewa tallafa wa dangin da ke riƙe da yaro ya fi a raba shi da su.

Ɓangaren asibiti kuma dan Allah a ji tsoron Allah. Ɗalibin da a ƙasarsu ko allura ba za a bari ya yi ba sai ka ji ya dawo yana ba da labarin ya yi ɗinki ko ya karɓi haihuwa, saboda ya sa farar riga kuma marasa lafiya sun ɗauka likita ne. A Jinja ta Yuganda wata Ba'amurkiya da ba ta da horon likita ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa, yara 105 suka rasu a cibiyar kafin hukuma ta rufe ta a 2015, wasu iyaye mata biyu suka kai ƙara, aka sasanta a 2020 ba tare da ta amsa laifi ba. Kyakkyawar niyya ba a rasa ta ba a irin waɗannan labaran. 'Yan ƙungiyar nan ta Faransa da aka kama a Abeche ta ƙasar Chadi a 2007 za su fita da yara 103 wai marayun Darfur ne, su ma cewa suka yi ceto suka zo, daga baya aka gano yawancin yaran 'yan Chadi ne kuma da iyayensu.

Na dabbobi ba zan ja shi ba. A Afirka ta Kudu an daɗe ana karɓar kuɗin baƙi su shayar da 'ya'yan zaki da bulumboti wai za a sake su a daji, alhali zakin da ya saba da hannun mutum ba ya komawa daji, da yawa gonakin farauta ake sayar wa. A 2021 gwamnatin ƙasar ta ce za ta kawo ƙarshen kiwon zaki irin wannan.

Sauƙi kam akwai shi, shi ne ma abin da suke sayarwa, ka cika fom yau gobe a ce an ɗauke ka. Amma in wuri zai damƙa maka yara bai nemi takardar shaidar 'yan sanda ba bai yi maka intabiyu ba, to ka sani haka zai damƙa su ga kowa, har da mugu. Sannan biza, wannan ta fi shafar mai koren fasfo irin namu na Najeriya. Kamfanoni da yawa za su ce ka shiga da bizar yawon buɗe ido kawai kar ka ambaci aiki, alhali a Nepal doka ba ta yarda ka yi aikin sa-kai da ita ba, a Tailan ma ko ba a biyanka sai da izinin aiki. Bature in an kama shi wataƙila a ja masa kunne, kai kuwa in aka buga maka hatimin kora ya zauna a tarihinka, duk ofishin jakadancin da ka je sai ka amsa tambaya a kai. Nepal ɗin ma 'yan Najeriya da Ghana da Kamaru ba a ba su biza a filin jirgi, sai ka nema tun daga gida. A Ingila mai bizar ziyara zai iya taimaka wa ƙungiyar agaji mai rajista amma kar ya wuce kwana 30, kuma kar ya zama shi ne dalilin zuwansa. Ejan ɗin da ya ce ka turo kuɗi zai samo maka aikin sa-kai a Turai daga nan ka zarce ka zauna, wannan ka riƙe kuɗinka kawai.

Hanya ta biyu: na dogon zango, su ɗauki nauyinka

Nan abin ya juya, ƙasar ko hukumar da ke can ita ke cewa muna buƙatar malamin lissafi ko ungozoma ko injiniyan ruwa, sai a nemo wanda ya iya. Akwai shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, da aka kafa a 1970, hedikwatarsa na Bon a Jamus, ba sa karɓar kuɗin fom, su ke ba ka alawus na wata da inshorar lafiya da tikiti. Akwai namu na gida da mutane da yawa ba su ma san da shi ba, TAC, wanda aka kafa a 1987 zamanin Babangida a ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje, yana tura likitoci da nas-nas da malaman makaranta da na jami'a zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, irin su Gambiya, Saliyo, Yuganda, Jamaika, na shekara biyu, Najeriya ta biya alawus ƙasar da ka je ta ba ka masauki. Tarayyar Afirka ma tana da na matasa wanda aka ƙaddamar a Abuja a 2010, shi shekara ɗaya ne. VSO, wata ƙungiyar tura 'yan sa-kai ta Ingila, tun 1958 take wannan harkar.

Kuɗin da za ka kashe kaɗan ne, fasfo, gwajin lafiya, katin rigakafin shawara, zirga-zirgar Abuja. Ɗorewa nan ta fi ƙarfi don kana da lokacin da za ka koyi gaisuwar mutane ka san wa ke faɗa a ji, ka kai ɗalibai daga farkon zango har jarrabawa, ka horar da wanda zai gaje ka. Duk wanda ya yi bautar ƙasa ya san watannin farko a gane gari suke tafiya, to ina ga mai kwana goma sha huɗu.

Sai dai kar in yi maka daɗin baki. Shiga da wuya, masu nema sun yi yawa, ana son digiri ko satifiket na sana'a da 'yan shekarun aiki, wani gurbin sai kana jin Faransanci ko Fotugis ko Larabci, kuma za ka iya cika fom goma shiru kake ji. Ba kai ke zaɓen gari ba, kana mafarkin bakin teku a tura ka wani ƙauye da ba wuta ba intanet, ko yankin da ake rikici. Alawus ɗin na rayuwa ne ba na gina gida ba. In kana da iyali shekara biyu ba wasa ba ce, in ma'aikacin gwamnati ne kai sai ka nemi a sake ka a rubuce, in na kamfani ne wataƙila ka dawo ka tarar an ba wani kujerarka. Yawon buɗe ido kuwa sai ɗan abin da ka samu lokacin hutu. Ta fuskar doka dai hankalinka kwance, takardunka na aiki ne, kuma akwai wanda zai nemo ka in wani abu ya faru.

Hanya ta uku: tafiya daban, taimako daban

Ka je Zanzibar ko Kigali ko Cape Coast ko Alƙahira a matsayin baƙo mai kashe kuɗinsa, ba kunya a ciki. Ka sauka a masaukin ɗan gari, ka ci abinci a wurin mai tuwon unguwa, ka ɗauki ɗan jagora ka biya shi da kyau, ka sayi kayan masu sana'ar hannu, wannan kuɗin kai tsaye yake shiga gidaje. Ghana ba ka buƙatar biza in fasfonka na ECOWAS ne, Ruwanda ma ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa. Kai ke yanka wa kanka kasafi, kuma abin da ka rubuta a fom ɗin biza shi ne gaskiyar abin da ka je yi.

Taimakon kuma ai ba sai da fasfo ba. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri a Satumbar 2024, waɗanda suka fi amfani a kwanakin farko su ne masu kwalekwale da matasan unguwa da matan da suka ɗora tukwane suna dafa wa mutane abinci, saboda sun san lungu sun san yare. Ga Red Cross, ga 'yan agajin ƙungiyoyin addini, ga bankin jini a asibitoci kullum ana neman masu bayarwa, ga makarantar firamaren unguwarku da aji ɗaya ya fi yara ɗari. Darasin lissafi na awa biyu duk Asabar tsawon shekara ya fi waccan tafiyar nesa ba kusa ba, kuma in ka yi kuskure kana nan za a zo a same ka. In zuciyarka na kan wata ƙasa ne to ka nemi ƙungiyar 'yan ƙasar mai rajista wadda ke fitar da bayanin kuɗinta ka tura musu.

Aibinta? Ba armashi. Ba hoton da zai tara maka masu dannawa, ba sunan ƙasar waje a takardarka, kuma saboda ba wanda ya karɓi kuɗinka ba wanda zai matsa maka, sati uku sai ka fara cewa yau akwai ɗaurin aure. Haɗarin aika kuɗi ga 'yan damfara ma yana nan in ba ka bincika ba.

| | Biya a haɗa maka | Dogon zango | Raba su |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | Masu yawa, kaɗan ke isa wurin | Kaɗan, su ke ba ka alawus | Yadda ka tsara |
| Tsawon lokaci | Sati 1 zuwa 4 galibi | Shekara 1 zuwa 2 galibi | Tafiya gajeriya, taimako ba iyaka |
| Ɗorewa | Rauni sosai | Mai ƙarfi | Mai ƙarfi in ka jure |
| Sauƙin shiga | Kamar sayen tikiti | Wuya, sai ƙwarewa da haƙuri | Sauƙi |
| Haɗari gare ka | Matsalar biza, damfara | Wurin aiki mai wahala, nisa da iyali | Kaɗan |
| Haɗari ga mutanen can | Babba, musamman yara da marasa lafiya | Kaɗan | Kaɗan |

To wace ce taka?

In kai likita ne ko nas ko malami ko injiniya mai 'yan shekaru a bakin aiki, kuma gida za su iya jure rashinka, ka nemi ta biyu, ka buɗe shafin UNV ka cika bayananka ka riƙa bibiyar sanarwar TAC, ka sa a ranka zai iya ɗaukar lokaci.

In hutun sati biyu gare ka kuma gaskiyar magana gajiya ce ta yi maka yawa kana son ganin teku, ta uku ce taka, ka je ka huta ka dawo ka nemi inda za ka riƙa ba da Asabar ɗinka.

In kai ɗalibin likitanci ne ko ke ɗalibar jinya ce, ku bi ta makarantarku a haɗa ku da asibitin koyarwa inda akwai mai sa ido a kanku, kuma duk abin da ba a yarda ku yi a gida ba kar ku yi shi a can ko an miƙo muku.

In iyaye ne ku a Ingila ko Amurka kuna so yaro ya san wahalar duniya kafin jami'a, ku turo shi gida wurin kawunsa ko gwaggonsa ya yi wata uku yana bin wata ƙungiyar gari, ko ba komai zai dawo da Hausa a bakinsa.

In burinka fita ne ka zauna a waje, babu ɗaya a cikin ukun da aka yi domin haka, ka nemi hanyar karatu ko bizar aiki.

In kuma ka riga ka biya na farkon ba a mayar da kuɗi, to ka ce a canza maka daga gidan marayu ko asibiti zuwa aikin da ba ya taɓa yara da marasa lafiya, irin dashen itace ko kwashe shara a bakin teku ko shigar da bayanai a kwamfuta, ka tabbatar bizarka ta halatta abin da za ka yi, kuma kar ka ɗora hoton ɗan kowa a intanet ba da izinin iyayensa ba.